Koren Layin Keke a Kudai

Tun da na dawo daga Umara, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya tambaye ni yadda na ga Makka. Nakan ce alhamdu lillahi, in miƙa dabino da ruwan Zamzam, a yi addu'a a tashi. Abokaina na majalisar ƙofar gida su ne ba su yarda da wannan gajeriyar amsa ba. Sun ji ƙishin-ƙishin wai na halarci taron hukuma a can, har na sa hannu a wata rigimar titi, suka ce ashe kansila ko a ƙasa mai tsarki ba ya iya zama ba taro. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru.

Sunana Nasiru. Ni kansila ne a wata ƙaramar hukuma ta kudancin Jihar Katsina, kuma ina cikin kwamitin ayyuka da hanyoyi. Ban taɓa fita ƙasar waje ba sai wannan karon. Ranar da zan tafi, mahaifiyata ta haɗa mini ƙunshin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta ce in kai wa ƙanenta, Kawu Haladu. Shi Kawu ya tafi aikin Hajji tun ina firamare, ya zauna can bai dawo ba. Muryarsa kawai na sani ta waya, fuskarsa kuwa sai a wani tsohon hoto da ke ɗakin Hajiya, mahaifiyar tawa.

Motar haya muka shiga zuwa Kano. Gab da Gwarzo taya ta fashe, direba ya fito da safaya, ita ma ba iska. Muka zauna ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya muna jiran mai faci, ni ina ta duba agogo, sauran fasinjoji suna ba ni haƙuri suna cewa wanda Allah ya kira ɗakinsa taya ba ta hana shi. Da ikon Allah muka isa filin jirgi da sauran lokaci. A nan na ɗaura harami, na zuba kayana cikin jaka. Ban san sanyin cikin jirgi haka yake ba. Na yi ta jan mayafin haramin ina rufe kafaɗa, wanda ke kusa da ni, wani tsohon malamin makaranta mai suna Malam Idi, yana ta karkarwa yana tambayar ko akwai inda ake rage fankar. Da aka sanar mun zo daidai miƙati, jirgi ya ɗauki Labbaika gaba ɗaya, muka manta da sanyi.

A Jidda layi ne mai tsawo amma yana tafiya, ba mai tsallake wani, ba kuma mai cewa shi ɗan wane ne. Da na zo gaban jami'in shige da fice, na'ura ta ƙi ɗaukar zanen yatsuna. Ya sa na goge, na danna, ta ƙi. Daga ƙarshe ya miƙo mini wani ɗan mai na shafa, sannan ta karɓa. Wajen binciken kaya kuma ƙunshin Hajiya ne ya tsayar da ni. Jami'in ya kwance ledar daddawa, ya kawar da kai da sauri, ya kira wani abokin aikinsa baƙar fata. Wannan ya sunsuna, ya yi murmushi, ya ce da wata karyayyiyar Hausa kakarsa ma tana sawa a miya. Ya ɗaure mini ledar da kansa ya ce in wuce. Wannan ne karo na farko da na haɗu da jikokin mutanenmu da suka zama 'yan ƙasar.

Motar safa ta kai mu masauki a Misfala, tsohuwar unguwa ce kudu da Harami, cike da gidajen alhazai da shaguna. Ɗakinmu gadaje ne jere, ni da Malam Idi da wasu 'yan Zariya. Muka ajiye kaya muka bi ayarin masu tafiya a ƙasa. A lokacin ana ta aikin faɗaɗa masallaci, ƙugiyoyin gini sun kewaye shi ta ko'ina. Abin da na ji da na ɗaga ido na ga Ka'aba ba zan iya rubuta shi ba. Na dai san na tsaya wuri guda har wani Ba'indiye ya dafa ni a hankali don in ba shi hanya. Muka yi ɗawafi da Safa da Marwa, aka yi mana aski. Da na fito na nemi takalmina na rasa, domin ta wata ƙofa na shiga, ta wata na fito. Haka na taka ƙafa ba takalmi har wani shago, na sayi silifas wanda ya yi mini kaɗan.

Abincin safe a Misfala shi ne wake da ake dafawa ya yi lugub a zuba masa mai, suna ce masa ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis, da shayi. Kwanakin farko na ji daɗinsa. Daga baya cikina ya fara neman tuwo. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne da an kira salla sai ka ji ƙarar ƙofofin shaguna ana jawo su ƙasa, ko da kana tsakiyar ciniki. A wurinmu mai shago yakan bar wa maƙwabci ya ce duba mini, a can kowa tafiya yake.

Kawu Haladu ya zo mini wata rana da hantsi. Na sauko ƙofar masauki ina neman dattijo mai rawani ko jallabiya, sai na ga wani siririn mutum mai furfura yana jingine keke a bango, an ɗaure manyan kuloli a bayan keken da igiyar roba. Da ya buɗe baki ya ce, “Nasiru ne wannan?” sai na ji muryar Hajiya sak. Muka rungume juna. Ya riƙe hannuna yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka daɗe da rasuwa, ina gaya masa, yana cewa Allah ya jiƙan rai.

Ashe sana'arsa ke nan. Matarsa, Inna Rabi, tana tuƙa tuwo da miya a gida, shi kuma yana kai wa masaukan alhazanmu da ɗalibai a kan keke. Ya ce in tattara abin da nake bukata in koma wurinsu in ƙarasa kwanakina, ba zai yiwu ɗan 'yar'uwarsa ya zo Makka ya zauna gidan haya ba. Na gaya wa jagoran ayarinmu na Umara, na bar wa Malam Idi ajiyar babbar jakata, na bi Kawu.

Gidan yana Kudai, unguwar da tashar manyan motocin alhazai take. Daga babban titi sai ka shiga wani lungu, ka yi ta hawa tudu har ka kai wani tsohon bene. Ɗaki biyu ne da ɗan madafi. Inna Rabi Bakanuwa ce, mace mai fara'a da saurin aiki. Da ta kwance ƙunshin Hajiya ta ga kukar, ta ce wannan ta gida ce ta gaske, ba irin wadda ake sayar musu mai yashi ba. A ranar na ci tuwo har na kasa tashi. Hausarsu ta gauraye da Larabci, ka ji ana yalla, wato mu je, ana halas, wato shi ke nan, mota ta koma sayyara, keke kuma sikil. Da farko nakan tsayar da su in tambaya, daga baya na saba.

A nan na san halin da Kawu yake ciki. Da yana da iƙama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin wani Balarabe da yake yi wa aiki. Mutumin ya rasu, 'ya'yansa suka sayar da shagon, takardar ta mutu, ba a samu wanda zai sabunta ba. Tun daga nan yake zaune a ɓoye kamar sauran 'yan'uwanmu da yawa. Bai faɗa mini da baƙin ciki ba, ya faɗa ne kamar mai ba da labarin ciwon ƙafa da ya saba da shi.

Washegari na raka shi kai abinci, yana tura keken ina biye. Da muka sauko bakin babban titin sai na ga abin da ban taɓa gani ba. A gefen dama an shafa wa kwalta koren fenti, faɗinsa bai wuce mutum biyu su jera ba, an zana hoton keke da kibiya a kai, an kuma kafa 'yan sandunan roba tsakaninsa da hanyar motoci. Ni da ban sani ba na hau kai ina tafiyata, sai ƙararrawa ta bayana, wani ɗan Bangaladash ya wuce yana girgiza kai. Kawu ya jawo ni gefe yana dariya, ya ce wannan layin masu keke ne, baladiyya ta yi. Baladiyya ita ce hukumar gari, kamar ƙaramar hukuma a wurinmu.

Na tambaye shi yadda aka yi aka ware musu hanya. Ya ce da can a tsakiyar manyan motoci suke kutsawa. Wani saurayi ɗan Yaman mai kai burodi, mota ta matse shi daidai kwanar tasha, a nan ya cika. Limamin masallacin unguwa da umda, wato mai unguwa, suka kai kuka, injiniyoyi suka zo suka auna titi, bayan wani lokaci aka wayi gari da koren fenti. Ya ce tun da aka yi shi Inna Rabi ta daina tsayawa a taga tana jiran dawowarsa.

A matsayina na ɗan kwamitin hanyoyi abin ya ɗauki hankalina. Mu ma mun taɓa ja wa 'yan makaranta masu keke farin layi a gefen titin kasuwa. Mun kira taro, gari duka ya zo, aka yi ta ce-ce-ku-ce har aka amince. Ba a daɗe ba masu tebur suka jera kayansu a kai, 'yan acaba suka mai da ragowar tasha. A nan kuwa na tsaya ina kallo, motoci na cunkushe amma ba wadda ta taka koren.

Sha'awa ta sa na ce wa Kawu ya ba ni in ɗana. Ya sauke kuloli ya miƙo mini. Rabona da keke tun ina sakandare. Na hau ina tangaɗi, na je ƙarshen layin, na juyo na dawo ta kansa, ban lura kibiyar hanya ɗaya take nunawa ba. Sai ga wata ƙaramar mota mai tambarin baladiyya ta tsaya. Wani jami'i ya fito, ya ɗaga mini hannu, ya ce iƙama. Na ciro katin Umara da ke rataye a wuyana. Ya duba, ya gane baƙo ne, ya nuna mini kibiyar da yatsa, ya ce Allah ya karɓa, ya shiga mota ya tafi. Na waiga in yi wa Kawu dariyar kaina, ba Kawu. Kuloli ne kawai a gefen titi. Sai da motar ta ɓace ya fito daga wani lungu. Ya ce jami'an ba mugaye ba ne, kuma jefi-jefi suke wucewa, amma ba sa rubuta tara sai sun ga takarda, in kuwa babu takarda magana ta wuce hannunsu, sai dai mutum ya ji shi a jirgi.

Kwanakin da suka biyo baya na raba su tsakanin Harami da gidan Kawu. Da rana in tafi salla da ɗawafi, da yamma in dawo in tarar da Inna Rabi tana kwashe tuwo. Wata yamma na tarar da baƙi a ɗakin, masu keke ne irin Kawu, wani Bazazzagi mai kai ruwa da wani ɗan Maraɗi mai kai wanki. Fuskokinsu ba walwala. Ashe masu shagunan titin sun kai ƙara cewa layin ya cinye musu wurin ajiye mota, masu saye sun ragu, masu kawo kaya ba su da inda za su sauke. Ɗan majalisar baladiyya mai kula da yankin ya kira taro a ɗakin taron da ke jikin masallaci, don a ji ra'ayin mutanen unguwa, a goge layin ko a bar shi.

Na ce to ai sai su je su faɗi nasu. Ɗan Maraɗin ya dube ni, ya ce a ƙofa ake rubuta suna da lambar takarda. Waɗanda suka fi kowa hawa layin su ne ba za su iya shiga ba. Kawu ya ce, “Ɗana, kai aikinka ke nan a gida. Ka san yadda ake irin wannan zama. Ka duba mana ko da wata dabara.”

Na ce ni baƙo ne, Larabcina na makarantar Islamiyya ne, ba ni da bakin magana a taron mutanen gari. Inna Rabi daga madafi ta ce ba sai na yi magana ba, in je wurin Faisal. Faisal jikan wani Bakatsine ne da ya zo tun zamanin tafiyar ƙasa, ɗan ƙasa ne cikakke, yana da shagon wanki da guga a bakin titin. Matsalar ita ce yana cikin waɗanda suka sa hannu a ƙarar.

Washegari na ɗauki kular tuwo na tafi shagonsa. Matashi ne mai ƙiba, sanye da farar jallabiya. Ya karɓe ni da girmamawa, yana ce mini ammi, wato baffa, ya sa aka kawo gahawa. Hausarsa tana da rauni, Larabcina ya fi rauni, haka muka yi ta haɗawa da hannu. Ya ce shi ba ya ƙin masu keke, rabin wankinsa ma su ke kai wa. Amma mai mota in ya zo da buhun kaya bai samu inda zai tsaya ba, gaba yake yi wurin wani.

Abin da na koya a kujerar kansila shi ne, in mutum ya ce a rushe abu, sau da yawa ba rushewar yake so ba, wata bukata ce ta dame shi. Na tambaye shi shin motocin kwana suke a ƙofarsa ko sauke kaya kawai suke. Ya ce saukewa ce, ɗan lokaci kaɗan. Na ce mu fita. Muka taka titin tare, na nuna masa wani fili tsakanin shagonsa da kantin magani inda aka rushe wani gini, da wani wuri gaba kaɗan inda titin ya yi faɗi. Na ce in aka ware waɗannan don tsayawa ta ɗan lokaci, layin ya ɗan karkata ya bi ta bayansu, kowa ya samu. Ya tsaya yana kallon wurin yana shafa gemu. Ya ce zai yi magana da maƙwabtansa. Ya kuma ce in zo taron a matsayin baƙonsa.

An yi taron bayan La'asar. Na sa sabuwar jallabiyata, na rubuta suna a ƙofa, na zauna a baya. Na yi zaton zan ga cincirindo irin namu, sai na ga kujeru ma ba su cika ba. Masu shaguna ne da limami da umda da wasu dattawa. Aka zagaya da gahawa da dabino. Ɗan majalisar ya yi gajeriyar gabatarwa, wani injiniya ya haska taswirar titin a bango ya yi bayani. Mai son magana ya ɗaga hannu, a ba shi, ya gama, wani ya karɓa. Ba wanda ya buga tebur, ba wanda ya yi fushi ya fita. Na tuna namu taron, inda sai shugaba ya yi ta roƙon a yi shiru, na ji kunya kaɗan, na kuma ji kewar hayaniyarmu, domin a wurinmu ko mai tallan rake yana iya shigowa ya faɗi abin da ke ransa.

Ban fahimci komai da komai ba, amma ina tsintar kalmomi. Masu shaguna suka yi ƙorafinsu. Limami ya tuna musu da saurayin da ya rasu. Sannan Faisal ya tashi, ya je gaban taswirar ya nuna wuraren nan biyu. Injiniyan ya matso ya duba, ya yi tambayoyi, ya rubuta. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Daga nan wani dattijo mai kantin magani ya nemi magana. Ya daɗe yana yi cikin natsuwa, yana nuna hannu hagu da dama, mutane suna cewa sahih, sahih, wato gaskiya ne. Ɗan majalisar ya rufe da cewa za a kai shawarar gaba, kuma yana ganin za ta samu karɓuwa. Aka yi addu'a aka tashi.

Na fito ina murna, na kama hannun Faisal ina yi masa godiya. Na ga shi bai sake ba. A hanya ya fassara mini maganar dattijon. Dattijon cewa ya yi ya yarda a bar layin, amma masu keke su ma suna da laifi, wasu ba fitila, wasu suna bin hanyar a juye, har an taɓa ture jikarsa a ƙofar kanti. Don haka in za a bar shi, a ajiye jami'i na dindindin a farkonsa da ƙarshensa, mai tsare wuraren tsayawar motoci, mai kuma duba masu keke. Kowa ya ga gaskiyarsa, ba wanda ya ja.

Ni ma a kujerata ta gida da abin da zan goyi baya ke nan. Doka ba mai tsaro ai ita ce ta kashe mana namu layin. Amma a wannan yammar na hau tudun gidan Kawu ina tunanin takardarsa da ta mutu.

Na tarar da su suna jira. Na faɗa musu yadda aka yi, ban rage komai ba. Bazazzagin ya yi hamdala, domin shi takardarsa da rai. Ɗan Maraɗin ya sunkuyar da kai. Inna Rabi ta ajiye muciyar da ke hannunta ta ce, “Wato an bar layi, an cire mu.”

Na fara ba da haƙuri, ina cewa da na sani da ban sa baki ba. Kawu ya ɗaga mini hannu. Ya ce da an goge layin, da duk sun koma tsakiyar motoci, mai takarda da mara takarda. Yanzu ko ba komai wasu sun tsira. Shi kuma ya san lungunan Kudai tun kafin a yi kwaltar, akwai hanya ta baya da ke ɓullewa Misfala, sai dai tudu da matakala, dole a tura keken a wasu wurare. Inna Rabi ta ce da wace gwiwar. Ya ce da wadda Allah ya bar masa. Daga nan ya ce a zubo tuwo, baƙo ya sha zama.

Ban yi zaton abin zai zo da wuri ba. Gyaran fenti da wuraren tsayawa an ce sai takarda ta bi ofisoshi, amma jami'in tun kafin in taso aka kawo shi. Wani saurayi ne mai ladabi, yana tsaye a inuwar wata rumfa daidai inda lungun su Kawu ya haɗu da titi. Na ga yadda yake aiki. Ya hana wata mota hawa koren, ya tsayar da wani mai keke ya nuna masa fitilarsa ta mutu, ya duba takardarsa ya sallame shi. Ban ga abin zargi a aikinsa ba.

A kwanakin ƙarshe na bi Kawu ta hanyar baya sau ɗaya. Ni na riƙa ɗaga bayan keken a matakala, shi yana riƙe da gaba, miya tana ɗiga a silifas ɗina. Muka isa masauki tuwo ya fara hucewa, Malam Idi da 'yan Zariya suka karɓa suna tambayar abin da ya tsayar da shi yau. Ya ce hanya ce ta ƙara tsawo. A dawowa na yi masa maganar gida. Na ce Hajiya tana son ganinsa, kuma akwai ɗaki a gidana. Ya ce yana tunani, ba yau ya fara ba, amma mutum ya shekara da shekaru yana jin kiran sallar Harami daga ɗakinsa, tashi ba sauƙi. Ban matsa ba.

Ranar da zan tafi na yi ɗawafin bankwana da safe, na dawo na ɗauki jakata. Inna Rabi ta ba ni turare da dabino da wani mayafi na kai wa Hajiya. Motarmu ta Jidda a tashar Kudai za ta tashi, tafiyar ƙafa ce kaɗan daga gidan, miƙe ta gefen koren layin. Kawu ya karɓi jakar ya ɗora a bayan kekensa, muka gangaro yana turawa, yana ba ni saƙon gaisuwa gida-gida. Da muka kusa bakin lungu, inda ake hango rumfar jami'in, ya tsaya. Ya kwance igiyar roba, ya sauke jakar, ya miƙo mini.

“Iyakata nan, ɗana,” ya ce. “Ka bi gefen masu ƙafa, kada ka hau koren. Ka ce wa Yaya ina nan lafiya.”

Na rungume shi, na saɓa jakar na fita titi. Masu keke suna wucewa ɗaya bayan ɗaya a kan layinsu, manyan motoci suna bin nasu. Jami'in ya ga jakata ya gane matafiyi ne, ya yi mini fatan sauka lafiya, na amsa. Da na yi nisa na waiga. Kawu yana nan a cikin inuwar lungu, hannu ɗaya riƙe da keke, ɗayan a sama. Na ɗaga masa nawa, sannan ya juya keken ya fara tura shi sama.